ZUWA YANKARI DA IYALI: A INA TALAKA ZAI KWANA?

Akwai 'yan Arewa da yawa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anacha waɗanda 'ya'yansu ba su san Yankari ba sai a littafin makaranta. Yaro ya haddace cewa akwai giwaye a Jihar Bauci, ya rubuta a jarrabawa ya ci, amma ko sawun giwa bai taɓa gani ba, alhali kuwa ƙauyen kakansa bai fi tafiyar awa biyu daga dajin ba. In an zo gida Salla, 'yan kwanakin hutun sai su ƙare wajen gaishe-gaishe da ɗaurin aure da ta'aziyya. Ran da uban ya ce to, jibi sai Yankari, sai a zauna lissafi, lissafin kuwa ba ya wuce tambaya biyu: a ina za a kwana, kuma nawa za a biya? A nan ne yawancin tafiyar ke mutuwa tun ba a ɗaura ɗamara ba.

Abin da ya sa maganar ta taso yanzu shi ne kalanda. Kamar yadda kowa ya sani, Salla tana ja da baya da wajen kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Salla ta 2025 ta faɗo ran 30 ga Maris, ta 2026 ita ma a cikin Maris, sannan za ta gangara Fabrairu, ta shiga Janairu. Watau a shekarun nan lokacin da mazauna Kudu suka fi zuwa gida ya yi daidai da rani, ranin kuwa shi ne lokacin ganin namun daji. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, dabbobi sukan watse cikin daji, mutum ya yi ta yawo wuni guda bai ga kome ba sai birai. Amma daga Disamba zuwa Afrilu, in tafkuna suka ƙafe, kowace dabba tilas ta gangaro kogin Gaji ta sha ruwa. Wanda ya daɗe yana cewa wata rana zai kai yara, to, wata ranar ta zo, sai dai ta zo a lokacin da aljihu ya fi kowane lokaci rauni.

A 1956 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙasar Alkaleri. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, a 2006 kuma, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa Jihar Bauci da kayanta, jihar kuwa ta kashe kuɗi wajen gyaran ɗakunan baƙi. Giwayen da ke ciki, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 da 150, suna daga cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, akwai kada da dorina a kogi, akwai kuma 'yan zakuna ƙalilan waɗanda sai mai rabo ke gani. Ƙungiyar WCS ta duniya mai kare namun daji tana aiki tare da jihar wajen kula da masu gadin dajin. Sannan ga ruwan ɗumin Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, zafinsa yana nan kan awo 31 dare da rana, rani da damina. Yara da yawa in an tambaye su abin da suka gani a Yankari, ruwan nan suke fara faɗa kafin giwa.

To, duk wannan labari ne mai daɗi. Abin da bai kamata magidanci ya manta ba shi ne Yankari ba a cikin garin Bauci yake ba. Mutum zai bi hanyar Gombe har Dindima, ya karya dama ya miƙe har ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take, daga ƙofar kuma sai ya ƙara tafiyar fiye da kilomita 40 cikin daji kafin ya kai sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana da ruwan ɗumin suke. Jimla wajen kilomita 110 ke nan daga Bauci. Wannan nisa shi ne tushen lissafin duka, kuma shi ne abin da masu tallan ɗakuna a Facebook ba su cika faɗa ba. Otal ya rubuta cewa yana kusa da Yankari, alhali tsakaninsa da giwar farko akwai tafiyar awa biyu.

LISSAFIN MAI

Hanya biyu ce a gaban mai iyali. Ko ya kwana a Bauci ya yi sammako ya dawo da yamma, ko ya kwana a Wikki. Yawancin mutane da sun ji kuɗin ɗaki a Wikki sai su ce Allah ya kiyaye, su koma neman na gari. Wani lokaci sun yi daidai, wani lokaci kuwa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago.

Ga yadda abin yake. Zuwa da dawowa kilomita 220 ne. A ce motar tana shan lita guda a kowace kilomita 10, a ƙara ɗan zagaye-zagaye, lita 25 ke nan. Kafin ran 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, saboda haka tafiyar duka ba ta wuce naira 5,000 ba, ba wanda ke sa ta a lissafi. Bayan sanarwar litar ta haura 500, a Oktoba 2024 kuwa ta haura 1,000. In aka yi lissafi a kan naira 1,000, zuwa ɗaya naira 25,000 ne, watau fiye da sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yuli 2024. Wannan ga mai motar kansa ke nan. Wanda ya zo daga Ikko a motar haya sai ya ɗauki shata, direban shata kuwa ba mai kaɗai yake lissafawa ba, har da wunin da zai yi yana jira a gindin itace.

Saboda haka wanda ya yi niyyar wuni guda kawai, ya ga abin da ya gani, yara su yi wanka a ruwan ɗumi, a juyo, kwanan Bauci ya fi masa sauƙi, ba shakka. Amma wanda yake son kwana biyu yana shiga daji, in ya ce zai riƙa komawa gari yana kwana, zai biya kuɗin man nan sau biyu, ya kuma biya kuɗin ƙofa sau biyu, domin wanda ya fita ya dawo washegari sabon baƙo ne a wurin masu tsaron ƙofa. A nan tambayar ba ita ce ko ɗakin Wikki ya fi na gari tsada ba. Tambayar ita ce, bambancin da ke tsakaninsu ya kai kuɗin zuwa na biyu? In bai kai ba, to ɗakin da ake gudu shi ne mai araha.

Sai dai akwai wani abu da ke juya lissafin, shi ne yawan iyali. Bature in ya ce iyali yana nufin shi da matarsa da yara biyu, ɗaki ɗaya ya ishe su. Magidancin da ya taso daga Mile 12 da uwargida da amarya da yara bakwai, ga ƙanin matarsa da ya maƙale, ɗaki uku yake bukata, bambancin kuɗin kuma sai ya ninka sau uku, alhali kuɗin mai yana nan yadda yake in duk sun shiga bas guda. Ke nan babban iyali ya fi samun sauƙi a gari, ƙaramin iyali mai son daɗewa ya fi samun sauƙi a daji. Sansanin Wikki yana da ɗakuna fiye da 100, kuma ba duka ne na manya ba. Akwai na alfarma, akwai matsakaita, akwai kuma irin na ɗalibai masu gadaje da yawa, waɗanda makarantu ke kamawa in sun kawo yara. Mutumin da ya buga waya ya ce nawa ne ɗaki, na tsada za a fara gaya masa. Sai ya tambayi na ƙasa da shi, da na ƙasa da wancan.

Akwai kuma abin da ba a iya sa shi a ma'auni. Fita kallon dabbobi da sassafe ake yi da kuma bayan la'asar, domin da rana tsaka kowace dabba tana inuwa. Wanda ya kwana a Bauci, in yana son ya riski fitar safe, sai ya tashi da an sallame sallar asuba, wanda ya taɓa shirya yara bakwai da asuba kuwa ya san abin da ake nufi. In ya tsaya fitar yamma, dare zai same shi a hanya. Tafiyar dare kuwa ba abin wasa ba ce a yankin. A shekarun nan an sha jin labarin 'yan bindiga a wasu dazuzzukan ƙasar Alkaleri, har da kwanton ɓaunar da aka yi wa 'yan banga a Mayu 2025 aka kashe mutane da dama. Ba a sansanin baƙi abin ya faru ba, amma ya isa ya sa mai hankali ya tambayi halin da hanya ke ciki kafin ya tashi, ya kuma tabbata magariba ta yi masa ko dai a cikin sansani ko a cikin gari. Dabarar da mutane da yawa suka ga ta fi ita ce a raba kwanan: dare ɗaya a Bauci a huta gajiyar hanya, a yi sayayya, washegari da hantsi a shiga daji, a yi fitar yamma, a kwana ɗaya a Wikki, a yi fitar safe, a yi wanka, a fito da azahar. Fita biyu ke nan da kuɗin mai ɗaya da kuɗin ƙofa ɗaya.

Sayayyar nan ba ƙaramin abu ba ce. Kome na Wikki daga gari ake ɗauko shi, tun daga shinkafa har ruwan kwalba da dizal, saboda haka ba abin mamaki ba ne farantin abinci ya fi na gari kuɗi. Uwargidan da ta biya kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ta sayi burodi da kilishi da ƙuli-ƙuli da lemo, ta soya kaza, ta haɗa da masar Bauci wadda sunanta ya kai ko'ina, ta rage wa mijinta kuɗi mai yawa. Amma fa a kula da gwaggon biri. Biran Wikki sun saba da mutane har sun raina su, sun san leda, sun san kula, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Yaro ya fito da burodi a hannu, kafin ya yi ihu an raba shi da shi. Mugun dawa ma yana kiwo a tsakanin ɗakuna kamar akuya, sai dai shi ba ruwansa da kowa in ba a tsokane shi ba.

ME YA SA ƊAKI YA YI TSADA?

Mutumin da ya yi shekara biyar rabonsa da gida yakan zo da tsohon farashi a kansa, in aka gaya masa sabo sai ya ce an gan shi da takalmin Ikko ne ake so a yanke shi. Wani lokaci haka ne, amma ba kullum ba. Mai otal a yau wuta yake sayarwa fiye da gado. A cikin 2022 dizal ya tashi daga wajen naira 300 zuwa fiye da 700. A Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin farko daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane ma'auni, ko da yake an ɗan rage daga baya. A Oktoba na wannan shekarar yawancin jihohin Arewa, har da Bauci, suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ga harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Duk wannan a kan baƙo yake ƙarewa.

Daga nan mai karatu zai gane cewa in ya ga ɗaki ya yi araha ƙwarai, to akwai abin da aka cire, abin da aka fi cirewa kuwa shi ne awoyin janareta. Da sanyin hunturu wannan ba kome ba ne, mutum bargo ma yake nema. Amma a Maris da Afrilu, lokacin da Sallar take faɗowa yanzu, ɗakin da aka kashe wa wuta da ƙarfe goma sha biyun dare tanderu ne, in an buɗe taga kuma sauro ya shigo. Uban da ya tsira da naira dubu biyar a kuɗin ɗaki ya koma Kudu da yara biyu masu zazzaɓi bai tsira da kome ba. Saboda haka tambayar farko ba ta kuɗi ba ce: ƙarfe nawa ake kunna inji, ƙarfe nawa ake kashewa, akwai wuta mai aiki da hasken rana da za ta riƙe fanka har safe? Ƙananan masaukai da yawa sun koma ga hasken rana, irin waɗannan kuwa sau da yawa sun fi wani babban gini mai na'urar sanyaya ɗaki wadda ba ta aiki sai an kawo wuta.

Garin Bauci ba ya rasa wurin kwana. Akwai manyan da kowa ya san sunansu, irin su Zaranda a hanyar Jos, wanda dogon gininsa ke tarbar mai shigowa daga yamma, da Awalah wanda har shataletalen da ke kusa da shi ya ci sunansa. Ƙasa da su akwai matsakaitan otal-otal da gidajen saukar baƙi birjik a tsohuwar GRA da sabuwa, da Yalwa, da bakin manyan hanyoyi. A wannan aji na tsakiya ne mai iyali zai fi samun abin da yake nema. Garin ba shi da girman da zai sa a damu da wace unguwa ta fi kusa da hanyar Gombe. Minti ashirin a Keke Napep ya raba gardama. Abin dubawa shi ne irin gidan. Akwai wuraren da aka yi domin matafiya, akwai waɗanda cinikinsu na dare ne, da kiɗa har asuba da masu shiga da fita. Mai aure da 'yan mata ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Hanyar ganewa kuwa ba hoto ba ce. A tura wani ɗan'uwa ya je da kansa bayan isha'i, ya tsaya a ƙofa minti goma, ya shiga ya buɗe famfo, ya ɗaga katifa, ya duba ko akwai mai gadi da wurin ajiye mota a cikin gida. Gani ya kori ji.

Haka nan kada a tura kuɗi ga lambar asusun da aka gani a WhatsApp ko Facebook don kawai an ga hoton gado mai farin zane. In za a ba da kafin alƙalami, ɗan'uwan nan ya kai da hannunsa ya karɓi rasit mai sunan wurin da kwanan wata. A kuma yi magana tun da wuri a kan mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki, ko ana ƙara katifa domin yara, ko kuɗin da aka faɗa har da haraji, da kuma lokacin da ake sakin ɗaki, domin yawanci sha biyun rana ne, wanda ya wuce kuwa ana iya cewa ya shiga sabon kwana. Ciniki ma ba abin kunya ba ne. Mai kama ɗaki uku na kwana biyu yana da bakin neman ragi, musamman a tsakiyar mako. Lokacin da ba a ragi shi ne Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da mutanen Jos da Abuja ke cika Yankari, da ranakun hawan Salla, da ran da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke yaye ɗalibai, ko wani babba ke aurar da 'ya. Wanda zai iya jinkirta tafiyar zuwa kwana huɗu ko biyar bayan Salla zai tarar da ɗakuna sun yi sauƙi, daji kuma ya yi shiru, dabbobi ba su gaji da ƙarar motoci ba.

GIDAN DANGI

Wani zai ce duk wannan dogon Turanci ne, Bahaushe da dangi a gari me ya haɗa shi da otal? Gaskiya ne, kuma har gobe akwai mutanen da in suka ji ɗan'uwansu ya zo Bauci ya kwana a otal za su ɗauka ya yanke zumunci. Mutanen Sabo sun fi kowa sanin darajar masauki, tun da a kan al'adar mai gida da baƙonsa aka kafa cinikin shanu da goro a Badun da Shagamu. Amma shi ma gidan dangi ba kyauta ba ne. Akwai tsaraba, akwai kuɗin cefane da mai kunya ba zai ƙi ajiyewa ba, akwai ɗan abin da za a miƙa wa tsofaffi ran sallama. Sannan da an ji za a Yankari, yaran gidan duka sun sa takalma, ba kuwa wanda zai iya ce musu su zauna. Tafiyar mutum tara ta zama ta goma sha shida, mota ɗaya ta zama biyu. Ba laifi ba ne, alheri ne ma, amma a sa shi a lissafi tun daga Ikko, kada a zo ƙofar Mainamaji ana laluben aljihu. Shi ma mai masaukin a tausaya masa. Buhun shinkafar da ya saya domin wata guda bai san da baƙi goma ba.

Mafita mai kyau ita ce haɗin gwiwa. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke Kudu sun saba haɗa kuɗi su ɗauki mota in an yi rasuwa ko biki. Gida uku ko huɗu in suka yi adashi tun watanni kafin Salla, suka ɗauki bas ɗaya daga Bauci, suka kama ɗakuna a jere, kuɗin mai da na ɗan rakiya da na motar shiga daji duk sai a raba.

Wanda kuma ya auna ya ga Yankari ta fi ƙarfinsa bana, kada ya ce an fasa kome. Gandun Sumu yana ƙasar Ganjuwa a hanyar Ningi, ya fi kusa da gari, a can ne aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, ana zuwa a dawo cikin rabin wuni ba tare da maganar kwana ba. A cikin gari ga kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da ɗakin da aka ajiye kayansa, ga fadar Sarkin Bauci, gidan Malam Yakubu mai tutar Shehu. Yaron da aka haifa a Obalende bai san ko ɗaya daga ciki ba.

SAURAN AIKI NA HUKUMA

Wannan matsala ba ta Bauci kaɗai ba ce. A Amurka, tun da aka buɗe filin wasan Disney kusa da Orlando a 1971, iyalai ke wannan lissafi: a kwana a otal na cikin fili mai tsada, ko a na garin Kissimmee mai araha a biya kuɗin mota da na ajiye ta. Bambancin shi ne a can akwai masauki na kowane aljihu a bakin ƙofa. A Afirka ta Kudu, gandun Kruger yana da wuraren kafa tanti da bukkoki masu sauƙin kuɗi da madafar da baƙi ke girki da kansu, ɗan ƙasa kuma kuɗin da yake biya bai kai na baƙon waje ba. Ba sai an je nesa ba ma: a Gana, gandun Mole yana da masauki a ciki, amma garin Larabanga mai tsohon masallacin nan yana 'yan kilomitoci daga ƙofa, mutanen garin suna saukar da baƙi a farashin talaka, suna cin abinci da dajin da ke maƙwabtaka da su.

A Bauci kuwa, gwamnati bayan gwamnati, in ana maganar Yankari baƙon waje ake hange da mai saukowa daga jirgin sama. An gina filin jirgi na ƙasa da ƙasa a Durum, an buɗe shi a 2014. Amma jirgin ƙasan da ya iso Bauci a 1961, wanda a da yake ɗauko talaka daga Fatakwal da Inugu ta Kafancan, ya daɗe da daina zuwa. Aikin gyaran layin da aka ƙaddamar a 2021 bai wuce tsakanin Fatakwal da Aba ba. Mai zuwa daga Ikko tilas ya yi fiye da kilomita 1,000 a mota ta Lokoja da Abuja da Akwanga da Jos, ya iso a gajiye, kuɗin guzuri ya yi rabi. Irin wannan baƙo shi ne ya fi yawa, shi ne kuma zai dawo baɗi da ƙannensa in ya ji daɗi, ba ya jiran ofishin jakadancin wata ƙasa ya ce masa hanya ta yi kyau.

Abin da yake bukata ba mai yawa ba ne. Motar haya ta yau da kullum ba ta shiga har Wikki, ba a kuma yarda mutum ya taka da ƙafa cikin daji ba, saboda haka marar mota ba shi da zaɓi sai shata. Jihar tana da kamfanin sufuri wanda sunansa ma Yankari Express. Bas guda da zai riƙa tashi daga Bauci da safe a ranakun Asabar da Lahadi da makon Salla, ya kai mutane har bakin ruwan ɗumi ya dawo da su kafin magariba, a kan kuɗin kujera, zai rushe rabin lissafin da aka yi a sama. Haka nan rumfar girki mai ƙofar da biri ba zai iya buɗewa ba, da allon farashi a Hausa da Turanci a ƙofar Mainamaji wanda zai nuna kuɗin babba da na yaro da na mota da na kowane irin ɗaki, yadda mutum zai san abin da ke gabansa kafin ya shiga kilomita 40 cikin daji.

Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun su ne giwaye ke shiga wa gona su tattake dawa da masara a dare ɗaya, su ne kuma ake roƙo kada su ɓoye mafarauta. In da za a taimaka wa mutanen Mainamaji su gina 'yan ɗakuna masu tsabta da rijiya da wutar hasken rana a bakin ƙofa, da matafiyi ya sami wurin kwana na uku tsakanin tsadar Wikki da nisan Bauci, su kuma da sun sami dalilin ganin giwa a matsayin dukiyarsu. Gwamnatin Bala Muhammad, wanda shi kansa ɗan Duguri ne a ƙasar Alkaleri, ba ta bukatar a kwatanta mata hanyar Mainamaji.